Kafin a sayi bas ɗin da za a mayar ɗakin kwana

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu ja hankalin masu sha'awar mayar da bas ɗakin kwana, musamman fataken da ke cin kasuwannin ƙauye: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi. Mai irin wannan zirga-zirga yana da hujjar son mota mai gado da ruwa da fanka. Sai dai yawanci ana fara zancen ne daga katifa da sola, alhali aikin yana lalacewa tun ranar da aka biya kuɗin motar da ba ta dace ba.

Tambayar farko: idan ta tsaya maka tsakanin Gumel da Maigatari, wa zai taɓa ta? Hotunan da ake gani a waya na Turai ne, inda Mercedes Sprinter da Fiat Ducato suka fi yawa. Motoci ne masu kyau. Sprinter mai dogon rufi mutum yana miƙewa tsaye a ciki, Ducato kuwa faɗin cikinta ya kai kusan mita 1.87, ana iya gitta gado. Amma na bayan nan dizal ɗinsu yana tafiya da kwamfuta da nozul mai matsanancin ƙarfi da matatar hayaƙi, kuma man da ya sha ruwa ko ƙura yana kashe nozul ɗin cikin ɗan lokaci. Ranar da fitila ta kama a gaban direba, sai an ɗauko mai na'ura daga birni. Toyota Hiace kuwa kowane garejin bakin tasha ya san cikinta, kayanta kuma suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sabo da na hannu.

Hiace ɗin ma ba ɗaya ba ce. Tsohon yayi, na 1989 zuwa 2004, ya fi araha amma yawancinsu haya ta cinye su. Wadda ake kira Homa ta fara fitowa a 2004. Injin fetur 2TR mai lita 2.7 da sarƙa yake aiki, babu zancen canjin taimin bel, sai dai yana shan mai. Dizal 5L mai lita 3.0 ba shi da gudu amma yana da haƙuri. Bel gare shi, a canza shi duk kilomita 100,000, domin in ya tsinke ana tafiya bawul ne za su lanƙwashe. Injinan dizal 2KD da 1KD sun fi ƙarfi da tsimin mai, amma ba sa yafe gurɓataccen dizal. Ga wanda zai riƙa shan mai a jarka a ƙauye, 2TR ko 5L muke ba da shawara.

Sai girma. Ƙaramar Homa cikinta tsawon mita 3 ne, tsayin rufi kusan mita 1.3, wato a durƙushe za a yi komai. Babbar mai dogon rufi tana ba da kusan mita 3.5 a tsawo da 1.6 a tsayi, faɗi 1.7. Ko a cikinta babban mutum ba ya miƙewa sosai, kuma gado a tsaye zai kwanta, ba a gicciye ba, ya cinye mita 1.9. A ɗauki tef da alli a zana gado da wurin jarka da wurin salla a daɓen motar kafin a yi ciniki. Kada kuma a ce za a yanke rufin ƙarama a ɗaga shi a wajen mai walda. Ƙarafan da ke gitta rufin su ne haƙarƙarin motar. An yanke su, jiki ya fara murɗewa, ƙofa ta ƙi rufuwa, damina ta zo ruwa ya bi ta wajen ɗinkin.

Inda muka fi so a tsaya shi ne nauyi, don nan ne ake yaudarar kai. Galibi mota tana da ɗan faranti a jikin ƙofa ko kusa da kujerar gaba mai nuna iyakar nauyin da aka yarda ta kai da lodinta. A kai ta babu kaya kan sikelin manyan motoci, irin na kamfanonin shinkafa, a debe abin da ta auna daga wancan adadi. Abin da ya rage shi ne jarinka. Yanzu a lissafa: jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne. Batir biyu masu 200Ah na ruwa, kusan kilo 120. Filawud mai kaurin milimita 18, falle ɗaya wajen kilo 30, biyar sun zama 150. Tukunyar gas mai kilo 12.5 in ta cika ta haura kilo 25. Mutum uku, a ce 200. An doshi kilo 600 ke nan, ba a ɗora buhu ko ɗaya na haja ba. Shi ya sa filawud mai milimita 9 ko 12 ya wadatar a bango da akwatuna, batir da ruwa kuma a ajiye su ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. In aka jibge su a bayan aksul, gaba ya yi sako-sako, sitiyari ya daina jin magana.

Wannan nauyin ne kuma ke raba gardama tsakanin mai ja da gaba da mai ja da baya. J5 da Boxer da Ducato da tayoyin gaba suke ja. Daɓensu ƙasa-ƙasa ne, da daɗin shiga. Amma lodi na baya, sai gaba ya rasa riƙo, a yashin Jigawa ko laka ta fadamar Haɗejia taya ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana haƙa rami. Hiace da baya take ja, nauyi yana ƙara mata riƙo ne. Doguwa sosai ita ma da nata aibin: gindinta yana dukan ƙasa a kwari da mashigin rafi.

Akwai abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ƙofarta ta zamiya tana ɓangaren hagu, wato tana buɗewa cikin titi, tunda tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya. Yaro zai sauko daga barci kai tsaye gaban babur. Ga waldar da aka yi wa sitiyari da bututun birki, wadda ba ka san hannun wa ta bi ba. A bar ta ko da an rage kuɗi.

Wajen dubawa a shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba. A caki shasi kusa da maƙalan sifirin da matakalar ƙofa, musamman 'yar Beljiyam, saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ciki, baƙin fenti kuma yana rufe asiri. In aka ga an ƙara ganyen sifirin, motar ta sha lodin da ya fi ƙarfinta. A buɗe lagireto injin yana sanyi, a tayar: kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, gasket ya ƙone. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Taya ta zama mai harafin C, kamar 195R15C, a kuma karanta lambobi huɗu na gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Lambar shasi ta dace da takardar kwastam harafi da harafi.

Launi kuwa fari, ba don ado ba. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a nan, kuma bas mai gilashi zagaye tanda ce. Mai rufaffen jiki ta fi, a yanka mata taga biyu masu fuskantar juna da ragar sauro, da fanka mai zuƙe iska a rufi, tsakanin haƙarƙari biyu. A tabbata kuma akwai wurin da za a huda daɓe ƙarƙashin akwatin tukunyar gas ba tare da an taɓa tankin mai ko waya ba, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai barci ya sa kansa.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu kanikawa da masu walda,
Gumel, Jihar Jigawa.