A gwada igiyoyin rumbun bayanai kafin a sallami ɗan kwangila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu ja hankalin shugabannin ma'aikatu, asibitoci da manyan makarantu na Gombe da Bauchi kan wani aiki da ake rainawa, wato shimfiɗa igiyoyi da saita suwic, na'urar da ke haɗa sabobi (manyan kwamfutocin da ke gudanar da ayyukan ma'aikata) da rumbun bayanai. Ana zuba maƙudan kuɗi a sayo rumbu, a sayo sabobi, amma abin da ke tsakaninsu sai a bar wa duk wanda ya iya cusa waya a rami. Ranar da albashi ya ƙi fita ko fayil ɗin majinyaci ya ƙi buɗewa, sai a ce na'ura ta lalace, alhali sau da yawa igiya ce aka matse, ko ƙura ta zauna a bakinta.

Tun a takardar kwangila ake fara kuskure, inda ake rubuta suwic ɗaya. Biyu ake saye, a kira ɗaya A, ɗayan B, kuma ba a haɗa su da juna. Kowace saba tana da katin HBA, wato katin da ke haɗa ta da rumbu, mai kafa biyu (ramukan da ake soka igiya): kafa ɗaya ta tafi A, ɗaya ta tafi B. Shi ma rumbun yana da kantarola biyu, wato na'urorin da ke sarrafa shi, kowace sai ta miƙa igiya zuwa A da kuma B. Saba huɗu da rumbu ɗaya ke nan za su ci igiya 12, shida a kowane suwic. Wanda ya soke kafofin saba biyu a suwic ɗaya don igiyar ta fi kusa, ya biya kuɗin hanya biyu ya tashi da ɗaya.

Igiyar gilashi, wadda ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske, ba iri ɗaya ba ce, ko da yake bakinta, samfurin da ake kira LC, duk kama ɗaya yake. Mai ruwan shuɗi-shuɗi ita ce OM3 ko OM4, ta cikin ɗaki, tana tafiya da ɗan SFP, ƙaramar na'urar da ake cusawa a kafa don aika haske da karɓarsa, mai gajeren zango na nanomita 850. Mai ruwan ɗorawa ita ce OS2, ta dogon zango, nata SFP na nanomita 1310 ne, yana kai kilomita 10. In aka gauraya su, ko dai layin ya ƙi tashi, ko ya tashi yana tuntuɓe, wanda ya fi muni domin ba a saurin gane shi. Tsawo ma da iyakarsa: a gudun 16G (gigabit 16 a daƙiƙa), OM3 tana kai mita 100, OM4 mita 125; a 32G sai su dawo mita 70 da 100. Tsohuwar igiya mai ruwan lemo da aka tarar a bango, a bar ta inda take. A kuma duba gudun tsofaffin katuna, domin SFP na 32G yana sauka zuwa 16G da 8G ne kawai, ba zai gaisa da katin 4G ba. Suwic ɗin kamfanin Brocade kuwa ba ya karɓar SFP da ba na gidansu ba, don haka arahar da aka samo a kasuwa takan zama asara.

Sai maganar ƙura, wadda a ƙasarmu ta fi kowace muhimmanci. Hanyar da haske ke bi a cikin OM3 da OM4 faɗinta maikuron 50 ne, kusan kaurin silin gashi, ta OS2 kuwa 9 kacal. Wanda ya san yadda hazon hunturu ke kwanciya a kan tebur cikin rabin yini, ya san abin da zai faru da bakin igiyar da aka bari a buɗe. Murfin robar nan da ke bakin igiya da na SFP ba shara ba ne. Ba a cire shi sai lokacin sokawa, kuma duk kafar da ba a amfani da ita a bar ta a toshe. Kafin a soka, a goge bakin da alƙalamin gogewa na milimita 1.25, wanda aka yi domin LC, ko da igiyar yanzu ta fito daga leda. Ba a hura mata iska da baki, ba a goga ta a hannun riga. In aka soka da ƙura, matsin da ke tsakanin bakunan biyu yana iya nitsa ƙwayar cikin gilashin, daga nan gogewa ba ta da amfani, sai dai canji. Kuma kada kowa ya leƙa bakin igiya da ido don ya ga ko akwai wuta. Hasken ba ya ganuwa sosai, amma yana iya yi wa ido illa.

Wajen ɗauri, kada lanƙwasar igiya ta fi bakin kofin shayi ƙunci. A ɗaure da Velcro, a guji ɗaurin roba mai haƙora da ake ja har ya shaƙe ta. Rarar igiya a naɗe ta sako-sako a gefen rak, wato kabad ɗin da ake jera na'urorin, nesa da ƙofa. Kowace igiya a manna mata suna a duka bakunan biyu, na A launi dabam, na B dabam, domin mai gyara da tsakar dare ba ya da lokacin bin sawu.

Iska da wuta ba sa buƙatar dogon bayani. Wani suwic yana shaƙar iska ta gefen kafofi, wani ta nan yake fitarwa. In aka juya shi, zafin da sabobi ke fesowa zai riƙa sha, ga kuma zafin Maris da Afrilu. Ɗakin ya zauna tsakanin digiri 18 da 27. Wasu ƙananan suwic ɗin wutarsu ɗaya ce tak, saboda haka A da B kada su rataya a UPS ɗaya, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke ta, kuma a tabbatar UPS zai riƙe har janareta ya ɗauka. A haɗa rak da wayar ƙasa tun kafin damina ta zo da tsawa.

Saitin farko na suwic ta igiyar konsol ake yi, wadda ke haɗa shi kai tsaye da kwamfuta, a gudun 9600 a yawancin na Brocade. Suna zuwa da adireshin 10.77.77.77, sai a canza shi da umarnin ipaddrset, a canza kalmar sirrin masana'anta nan take, a ba suwic suna, a ɗaura agogonsa da sabar lokaci don tarihin kurakurai ya yi ma'ana. Lambar domen, wadda ke bambanta suwic da ɗan'uwansa, tana zuwa a 1. In za a ƙara wani suwic a ɓangare ɗaya, na A ko na B, a bambanta lambobin tun kafin a haɗa. A nan ne kuma ake gano cewa suwic mai kafa 24 ya zo da 8 kacal a buɗe, sauran sai an sayi lasisi. Mai sayen kaya ya tambayi wannan kafin ya sa hannu.

Daga nan sai shata iyaka, wato zonin, inda ake raba kafofi yanki-yanki don a tantance wace za ta ga wace. Kowace kafa tana da lambar shaida, WWPN, mai harafi 16. A kwafo ta daga switchshow, kada a buga da hannu, a laƙaba mata suna da alicreate. Kowane yanki kafar saba ɗaya ce tare da kafofin rumbun da take buƙata. Zuba kowa a yanki ɗaya yana sa tangarɗar saba guda ta dami sauran. A Brocade, cfgsave adanawa kawai yake yi, sai an buga cfgenable tsarin ke fara aiki. A suwic ɗin Cisco MDS, wanda ya manta copy running-config startup-config, ɗaukewar wuta ta farko za ta kwashe masa aikinsa. Masu amfani da iSCSI, wato haɗa rumbu ta suwic na Ethernet da aka saba da shi, nasu tarkon MTU ne, iyakar girman saƙo ɗaya: in an sa 9000, a sa shi a saba, a suwic da rumbu gaba ɗaya, in ba haka ba ƙananan saƙonni za su wuce, manya su maƙale.

Roƙonmu ga masu karɓar aiki shi ne kada a sa hannu a takardar kammalawa sai an yi gwaji a gabansu. A sa saba tana kwafar babban fayil, a zare igiyar A, a ga ko kwafin ya ci gaba. A mayar, a jira hanyar ta dawo, a zare ta B. Sannan a kashe suwic ɗaya ɗungurungum. A Linux, multipath -ll zai nuna hanyoyi huɗu zuwa kowane faifai a tsarin da muka zana a sama, a Windows kuwa sai an kunna MPIO, mai kula da hanyoyi da yawa zuwa faifai. A duba ƙarfin hasken kowace kafa da sfpshow, a share ƙididdigar kurakurai, a dawo bayan kwana ɗaya a duba porterrshow. In lambar crc, mai ƙirga saƙonnin da suka iso a gurɓace, tana hawa, akwai igiya ko SFP mai matsala. Ɗan kwangila ya miƙa zanen igiyoyi, kwafin saiti da aka ɗauka da configupload, kalmomin sirri, da rarar SFP biyu da igiya huɗu a cikin ledarsu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu masu aikin haɗa na'urorin sadarwa,
Gombe