Takardar Koke Kan Karatun Yara Masu Buƙata Ta Musamman A Makarantunmu Na Firamare

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Sakataren Ilimi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da ya ɗora maka, mu iyaye da masu riƙon yara masu buƙata ta musamman, tare da wasu daga cikin malaman da ke koyar da su, mun kawo maka kukanmu. 'Ya'yanmu suna zuwa makaranta, ana kiran sunansu a rajista, amma karatu ba ya zama. Abin da aka koya musu da safe, kafin a tashi ya gudu. Hankalinsu ba ya tsayawa a kan allo sai na ɗan lokaci. Daga nan sai sunaye su biyo baya: daƙiƙi, dolo, mai kunnen ƙashi, wanda kansa ba ya ja. Bayan suna sai bulala, bayan bulala sai maimaita aji, har ranar da uba zai gaji ya ce yaron ya zauna a gida.

Asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata nakasa a duniya, wato kimanin ɗaya cikin goma. Da wannan lissafi, da wuya a sami ajin da babu irin yaran da muke magana a kansu, ko da ba wanda ya taɓa duba su.

Roƙonmu na farko, wanda duk sauran ke bayansa, shi ne a duba lafiyar yaro kafin a yanke masa hukuncin rashin ƙoƙari. Abubuwa da dama da ake ɗauka rashin natsuwa ne, a jiki suke. Yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa bayan mura yana jin maganar malam a daƙushe, ya kama farkon jimla ya rasa ƙarshenta, kuma ba zai yi ƙorafi ba domin yana zaton haka kowa ke ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke fama da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara daga dalilan da za a iya kaucewa suke zuwa. Haka yaron da ba ya hango allo: in ya gaji da ƙanƙance ido sai ya juya ya shiga tsokanar na kusa da shi.

Akwai kuma wadda ta fi waɗannan ɓuya. Wani nau'in farfaɗiya ba ya kayar da yaro, ba kumfa, ba shure-shure. Yaro zai ƙame kawai, ido a buɗe, na kimanin daƙiƙa 10, sannan ya ci gaba da abin da yake yi bai san wani abu ya faru ba. Tana iya zuwa sau da yawa a yini guda, kuma ta fi farawa tsakanin shekara 4 zuwa 10, daidai shekarun firamare. Malamin da bai san da ita ba zai ce yaron ya tafi duniyar tunani, ya daka masa tsawa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da ciwon na tashi ba in an gano shi aka ba su maganin da ya dace. Wasu magungunan farfaɗiyar ma, irin su fenobabiton, suna iya sa yaro kasala ko rashin natsuwa, don haka yana da kyau malam ya san wanda ke shan magani, ya faɗa wa iyaye abin da yake gani, su kuma su kai wa likita maimakon su dakatar da maganin da kansu.

Saboda haka muna roƙon a umarci ma'aikatan lafiya a matakin farko su riƙa shiga makarantu a farkon kowace shekarar karatu, su gwada ji da gani, su saurari malamai da iyaye, su tura wanda ya kamata zuwa babban asibiti.

Ranka ya daɗe, bayan lafiyar jiki sai yadda ake koyarwa, kuma a nan ne muke so mu ɗan tsaya, domin a nan yawancin ɓarnar take, a nan kuma gyaran ya fi sauƙi. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bambance ajiyar ƙwaƙwalwa ta dindindin da wata ƙaramar ajiya ta wucin gadi, wadda mutum ke riƙe abu a cikinta yayin da yake aiki da shi, kamar lambar da ake riƙewa a ka lokacin haɗa lissafi. Alan Baddeley da Graham Hitch na Birtaniya ne suka fito da bayaninta a 1974. A 1956 George Miller na Amurka ya ce abin da babba ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, ko sama ko ƙasa da biyu; a 2001 Nelson Cowan ya ce in aka tace, kusan huɗu ne. Wannan ajiya kamar tafin hannu take, in ya cika, duk abin da aka ƙara sai wani ya zube. Na yaro ƙarami ne, kuma girmansa ya bambanta ƙwarai daga yaro zuwa yaro. Susan Gathercole da Tracy Alloway, waɗanda suka yi dogon bincike a makarantun Birtaniya, sun bayyana cewa a ajin yara 30 'yan shekara 7 zuwa 8, za a iya samun uku da ajiyarsu ba ta wuce ta ɗan shekara 4 ba, da wasu uku da tasu ta kai ta ɗan shekara 11. Malami ɗaya, umarni ɗaya, duk a aji guda.

To a duba abin da ke faruwa in malam ya ce: "Ku ɗauko littafin lissafi, ku buɗe shafi na ashirin, ku yi tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar, wanda ya gama ya kawo mini." Umarni huɗu ke nan a numfashi ɗaya. Yaronmu zai ɗauko littafin, ya tsaya yana waige-waige, domin sauran ukun sun zube. Da an ba shi ɗaya bayan ɗaya, aka ce ya maimaita da bakinsa, aka rubuta lambar shafin a allo ta zauna, da ya yi aikin. Haka kwafe dogon rubutu daga allo: yana ɗaga kai ya riƙo kalma uku, kafin ya sunkuya ya rasa inda ya tsaya. In kuma darasin da harshen da yaro bai gama ƙwarewa a kai ba ake yi, rabin ajiyar ta tafi wajen fassara tun kafin a zo ga darasin kansa. Tsoro ma yana cin nasa wuri. Yaron da idonsa ke kan bulala, hankalinsa na can, kuma abin mamaki shi ne mu manya mun san haka a kanmu, mun san yadda kai ke kullewa a gaban wanda ake shakka, amma sai mu manta idan aka zo kan yaro.

Sai batun mantuwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sabon abin da aka haddace ya fi saurin zubewa a sa'o'in farko, daga baya zubewar ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗaliban jami'a a Amurka: waɗanda aka sa su rufe takarda su tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Abin da wannan ke nufi a aji shi ne minti biyar na farkon darasi a tambayi karatun jiya, na makon jiya ma a taɓo shi, tambaya mai sauƙi ba ta kunyatarwa ba, a ba yaro lokaci ya lalubo amsar kafin a wuce shi. Yadda ake yi yanzu, a koyar da abu sau ɗaya a bar shi sai daren jarrabawa, yaro mai ƙarfin riƙo ne kaɗai ke tsira da shi.

Yaran kuma ba iri ɗaya ba ne. Mai lalurar Dawun, wadda ƙarin kwafi guda na ƙwayar gado ta 21 ke haddasawa, yawanci ya fi riƙe abin da ya gani a kan abin da ya ji, don haka hoto da katin kalma da nuni da hannu sun fi masa dogon bayani. Mai lalurar da likitoci ke kira ADHD, ta kasa natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda ke shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, ya fi yin aiki in an gutsura masa shi gajere-gajere, an zaunar da shi kusa da malam nesa da taga, an yaba masa nan take in ya yi daidai, an kuma aike shi goge allo ko raba littattafai don ya motsa jiki. Hana irin wannan yaro fita hutun tara a matsayin horo ƙara dagula shi yake yi. Mai galahanga, wato lalurar da likitoci ke kira autism, yana natsuwa in ya san abin da ke biye da abin da ake ciki, jadawalin yini a hotuna ya kan wadatar. Kurma kuwa da ido yake saurare, ba zai iya kallon allo da hannun mai fassara a lokaci guda ba, sai an dakata masa.

Hayaniya ma abin dubawa ce. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 ta ce ƙarar da ke cikin aji lokacin darasi kada ta wuce desibel 35 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato kusan shirun laburare. Ba mu ce za a kai can gobe ba. Muna dai roƙon a ware ɗaki ɗaya mai shiru a kowace babbar makaranta, inda malami zai zauna da yara biyar ko shida na rabin sa'a a rana, su koma ajinsu su ci gaba da zama da 'yan'uwansu.

Muna kuma jan hankalinka, ranka ya daɗe, a kan masu tallar manhajojin "horar da ƙwaƙwalwa" a waya da kwamfuta. A 2013 Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme suka tattara binciken da aka yi a kan irin wannan horo, suka ga yaro kan ƙware a wasan da ya yi ta yi, amma babu gamsasshiyar hujja cewa ƙwarewar na ƙetarawa zuwa karatu ko lissafi. A 2016 kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhume shi da tallar da ba ta da hujja. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk abin da za a ware wa waɗannan yara, a zuba shi a kan horar da malami.

Wannan koke yana da madogara. A taron Salamanca na ƙasar Sifaniya a 1994, gwamnatoci 92 sun amince cewa makarantun kowa da kowa su karɓi yara masu buƙata ta musamman, su daidaita koyarwa da halinsu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, a sashe na 24, ta ɗora wa hukumomi nauyin bai wa kowane yaro tallafin da ya dace da shi a cikin makarantar, da horar da malamai a kan haka.

Don haka, bayan gwajin lafiya da ɗakin shiru, muna roƙon a shirya wa malaman aji ɗaya zuwa uku bita a kan waɗannan dabaru lokacin hutu, a bi su aji a ga yadda suke aiki da su, kada abin ya ƙare a takardar shaidar halarta. A turo malaman da suka karanci ilimin masu buƙata ta musamman zuwa inda yaran suke, a daina ba su wasu darussan don cike gurbi. A buɗe wa kowane yaro kati da zai bi shi daga aji zuwa aji, mai ɗauke da abin da ke masa wuya da abin da aka gwada ya yi aiki, don kada kowane sabon malami ya fara daga tushe. A ba su ƙarin lokaci a jarrabawa, a karanta wa mai buƙata tambayoyin. A kuma fitar da umarni a rubuce ga shugabannin makarantu cewa ba a dukan yaro saboda ya manta.

Mu ma da namu nauyin, mun kuma ɗauka. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana; za mu tsaya a kan lokacin kwanciya, mu raba su da waya da dare, mu yi musu gajeriyar bita a gida, mu kai su asibiti in an tura mu, mu daina ɓoye yaro saboda kunyar mutane.

Muna roƙon ka ba wakilanmu rana su zauna da kai da Sakataren Ilimi da shugaban sashen lafiya kafin a buɗe sabon zangon karatu, don a tsayar da makarantun da za a fara da su. Sunayenmu da sa hannunmu suna cikin takardar da ke haɗe da wannan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Mu ne naka,
Iyaye, masu riƙo da malaman yara masu buƙata ta musamman.