Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Iyaye da Malamai: Darussan Sanin Kai ga Ƙananan Azuzuwa

Assalamu alaikum. Ya ku iyaye, malamai da sauran mambobi, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton aikin da babban taronmu na bara ya ɗora masa, wato tallafa wa malaman aji ɗaya zuwa aji uku su shigar da batun sanin kai, da gane baiwar da Allah Ya yi wa kowane yaro, cikin darasin kiwon lafiya. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, kuma zai karanta shi daban.

Tun farko wasu mambobi sun tambaya ko wannan batu na ajin lafiya ne. Amsarmu ita ce manufar kiwon lafiya a makarantu da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006 ta tanadi ilimin lafiya wanda ke koya wa yaro dabarun zaman duniya, bayan tsafta da rigakafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da lissafa sanin kai cikin waɗannan dabaru. Haka nan sashe na 29 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ce ilimi ya nufi raya halayyar yaro da baiwarsa. Dalilin da ya fi kusa da mu shi ne yaron da ya raina kansa ba ya faɗa idan ba shi da lafiya, ba ya kai ƙara idan an zalunce shi, kuma shi ne abokai ke saurin ja idan ya tasa.

A zangon farko an fara da suna. An ba kowane yaro aikin gida ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa dalilin sunan da ake kiransa da shi, sai Talatu ta dawo da labarin ranar haihuwarta, Gambo ya gane cewa ya biyo bayan tagwaye ne, Tanko kuma ya ji cewa mata ne suka gabace shi. Malamai sun tarar da yaran da ba su san sunansu na yanka ba, saboda alkunya ta sa gida duka ana kiransu da laƙabi, wasu kuma ba su da takardar haihuwa. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ba kowane yaro haƙƙin suna da rajistar haihuwa, don haka muka tura iyayen da abin ya shafa wurin ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Zango na biyu ne ya fi ba mu aiki. Da aka nemi yara su faɗi abin da suka iya, akasarinsu sunkuyar da kai suka yi, waɗanda suka buɗe baki kuwa matsayinsu a jarrabawa kawai suka ambata. Wasu iyaye sun kawo kuka cewa ana koya wa 'ya'yansu fariya, suka tuna mana cewa yabon kai jahilci ne. Kwamiti bai yi watsi da wannan kuka ba, domin kunya tarbiyya ce da muke son ta ɗore, sai dai muna ganin yaron da aka hana yabon kansa, kuma babu mai yabonsa, zai tashi da sunan da aka zage shi da shi kawai. Saboda haka aka sauya tsari: yara su zauna biyu-biyu, kowa ya faɗi alheri ɗaya da ya gani a wurin ɗan'uwansa, malami ya rubuta, a kammala da godiya ga Wanda Ya yi baiwar. Ta haka aka gano yarinyar da karatu ke yi wa nauyi amma ba ta kuskuren canji, da yaron da ya san alamun akuya marar lafiya, da wanda shi ake kira idan faɗa ya kaure a filin wasa. Malamar aji biyu ta ɗauki wannan iya canji ta gina darasin lissafi a kansa, ko da yake kwamiti yana nan kan bakansa cewa talla a lokacin makaranta cutar da yarinya ne.

Daga nan muka shiga batun munanan laƙabi. Kalmomi irin su daƙiƙi da dolo suna fita daga bakin manya kafin yara su ɗauka, kuma waɗanda suka fi shan su su ne mai in'ina, da bahago, da zabiya, da mai sikila da ke yawan fashin makaranta. Malamin addini ya karantar da aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana jifan juna da miyagun sunaye, sannan a ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, ma'aikaciyar jinya daga asibitin unguwa ta bayyana wa yara cewa sikila gadonta ake yi daga uwa da uba, ba a ɗaukarta ta zama tare. Shugaban makaranta ya amince a hana waɗannan kalmomi a aji. An samu sauƙi, amma har yanzu wasu malamai kan yi suɓutar baki, kuma a gidaje ma ba a daina ba.

Matsaloli uku ba su warware ba. Cunkoson aji ya sa ba kowane yaro malami ke kaiwa kansa ba, kuma idan jarrabawa ta matso, lokacin darasin lafiya ne ake fara yankewa a ba Turanci da Lissafi. Halartar iyaye maza a tarukan zango ma ta yi ƙaranci, alhali kalmar uba tana da nauyi a zuciyar yaro.

Kwamiti yana neman amincewar wannan taro a kan abubuwa uku: a faɗaɗa darussan zuwa aji huɗu, a ƙara layi ɗaya a katin sakamako inda malami zai rubuta wata baiwa ta yaro wadda ba maki ba, sannan a mayar da taron iyaye zuwa ranar Asabar bayan La'asar domin iyaye maza su samu zuwa. Za a kaɗa ƙuri'a bayan ma'aji ya kammala bayaninsa.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa