Wasiƙa daga Damagaram: Celica ta koma kan ƙafafunta

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma zafin Yamai bai matsa muku ba. Na san shiruna tun bayan Babbar Sallah ya yi tsawo, ka gafarce ni, motata Celica ɗin nan da ka ce in sayar ce ta ɗauke mini hankali.

Ka tuna ranar da muka dawo daga Mirriya, yadda take lilo in mun faɗa rami, gabanta kuma yana durƙusawa da zarar na taka birki? Da na leƙa ƙarƙashi na tarar amortisar ta hagu, wato abin da ke hana mota lilo, ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata kamar laka. Na danna gaban motar da hannu biyu na saki, sai da ta yi sama da ƙasa sau uku kafin ta natsu, alhali mai lafiya sau ɗaya take tashi ta tsaya. Motar ƙirar 2001 ce, Toyota kuwa ta daina yin irinta tun 2006, don haka ban samu kayanta a garin nan ba, sai da ƙanena ya je Kano ya kawo mini amortisar guda biyu na kamfanin KYB daga Ƙofar Ruwa. Biyu na saya domin ba a sabunta gefe ɗaya a bar ɗayan da tsohuwa.

A tsakar gida na yi aikin, ranar Asabar bayan sallar asuba. Na kafa duwatsu bayan tayoyin baya, na ɗaga ta da kirik, sannan na ɗora ta kan madogaran ƙarfe, domin ba zan sa kaina ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita ba. Manyan bulon guda biyu na ƙasa sun ƙi motsi duk da man da na kwana ina zuba musu, sai da na ƙara wa kile, wato abin kwance noti, tsawo da bututun ƙarfe. Uku na sama, ƙarƙashin murfin inji, ba su ba ni wahala ba.

Inda gabana ya faɗi shi ne wajen rasor. Ƙarfen nan mai murɗe yana ɗauke da nauyin gaban mota, kuma duk wanda ya kwance noti na tsakiya bai matse shi ba, zai harbo da ƙarfin da ke iya karya hannu ko fuska. Na ari abin matsewa wurin makaniken unguwarmu, na sa yara suka shiga ɗaki, na riƙa ɗaure wannan gefe kaɗan, wancan gefe kaɗan, har na ji rasor ɗin ya saki mazauninsa. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi, ina ta hasbunallahu. Kusan awa biyu na farko ya ci, na biyu kuwa bai kai rabin haka ba.

Washegari na kai ta aka daidaita tayoyin gaba, tunda kwance ƙafa irin wannan yana karkatar da su. Daga nan na hau hanyar Takeita. Wallahi, aminina, sitiyari ya daina rawa a hannuna, kwana kuma tana shan ta ba tangaɗi.

Saura na baya, su ma sun fara tsatsafar mai. Ina roƙonka ka nemo mini kile mai auna ƙarfin ɗauri a can Yamai, domin na gaba da aro na ɗaure su, kuma ba na so in yi na baya da kirdado. Ka aiko da mota mai zuwa, in tura maka kuɗin.

Ka gaida Hajiya da yara duka.

Naka har kullum,
Amininka na Birni