Wasiƙar Godiya ga Masu Shagon Akwatunan Kifi da Suka Faɗa Mini Gaskiya kan Kwaɗin Dafi

Zuwa ga Alhaji mai shagon sayar da kifin ado da akwatunan gilashi da ke Sabon Gari a birnin Kano, tare da yaran shagonsa baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, dalilin rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a shi ne in gode muku bisa yadda kuka karɓe ni, domin irin halin da na gani a wurinku ya yi ƙaranci a kasuwanninmu har ya cancanci a faɗe shi inda kowa zai ji. Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandaren je-ka-ka-dawo da ke wani ƙauye a ƙasar Haɗejiya, kuma abin da ya kai ni gare ku buƙata ce da mutane da dama suka ɗauka wauta, wato a haɗa mini akwatin gilashi mai shuke-shuke masu rai a ciki, wanda za a iya kiwon kwaɗin dafin kibiya a cikinsa.

Ɗalibaina 'ya'yan manoma ne da masunta, sun san fadama da kachalla da burduddugi kamar yunwar cikinsu, amma idan aka zo darasin kurmin da ruwan sama ba ya yankewa, sai dai su haddace abin da ke cikin littafi su juye a jarrabawa. Kwaɗin da nake magana a kansu asalinsu dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, tun daga Nikaraguwa har Birazil da Peru, ƙanana ne ƙwarai, mafi girmansu bai wuce santimita 6 ba, wasu shuɗi, wasu rawaya, wasu ja da baƙi. Ba kamar namu ba, da rana suke yawo, saboda haka yaro zai iya ganinsu a lokacin darasi. Mutanen Embera na ƙasar Kolombiya sukan goga bakin ƙananan kibansu a gadon bayan wani mai launin zinariya daga cikinsu, wanda masana suka yi bayaninsa a 1978, kamar yadda maharbanmu suke dafa kwankwani su shafa wa kibiya. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe hankalin aji.

Kafin in iso gare ku na sha wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Mai yankan gilashi na farko da na tunkara dariya ya yi har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, ya ce mini, “Malam, kwaɗo ne har sai an gina masa gida? Ka jira damina, za su shigo maka ɗaki kyauta.” Na biyu bai yi dariya ba, ya karɓi kafin alƙalami da fara'a, daga nan sai gobe, sai jibi, sai yaron da ke yanka ya tafi biki, sai babu wuta. Da ya gama, abin da ya miƙo mini akwati ne da aka manne da ragowar gam ɗin taga, gefunansa da kaifi, ana zuba ruwa yana tsiyaya ta kusurwa, kuma da na yi magana sai ya ce ai ban gaya masa ruwa zai zauna a ciki ba, alhali da zanen na je masa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wani da aka haɗa mu ta waya, wanda ya yi rantsuwa zai sauko mini da kwaɗin daga ƙasar waje muddin na tura rabin kuɗi. Bai tambaye ni inda zan ajiye su ba, bai tambayi abin da zan ciyar da su ba, lambar asusunsa kawai yake ta maimaitawa.

Da wannan zuciyar na shigo shagonku, na riga na shirya wa raini. Yaron da ya tarbe ni, wani matashi siriri da ke tsaftace akwatin kifi a lokacin, ya goge hannunsa, ya ba ni kujera, ya ɗauko takarda da biro, sannan ya fara yi mini tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mini. Ɗakin da za a ajiye akwatin rufin kwano ne ko na ƙasa? Akwai silin? Rana tana bugun wane bango da la'asar? Wutar lantarki tana zuwa ƙauyen? Ruwan rijiya kuke sha ko na burtsatse? Wa zai riƙa duba akwatin idan an yi hutun makaranta? Da ya gama rubuta amsoshina sai ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Akwati za mu yi maka mai kyau, amma kwaɗin nan ba za mu nemo maka su yanzu ba, domin idan suka zo mutuwa za su yi.”

Ya bayyana mini cewa waɗannan kwaɗi suna son zafin da ke tsakanin digiri 22 zuwa 26, kuma idan ya haura 30 ya daɗe a haka ba sa kai labari, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Haɗejiya yana wuce digiri 40 a inuwa. Suna kuma buƙatar laimar da ta kai kashi 80 cikin 100 ko fiye, alhali iskar hunturu tana busar da wanki kafin a gama shanya. Ya ƙara da cewa tun 1987 aka sa manyan jinsunansu cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu, wadda Najeriya ma ta sa wa hannu, saboda haka ba a fito da su daga wata ƙasa sai da takardar izini, kuma duk wanda ya ce zai kawo su ba tare da ita ba, ko dai fasa-ƙwauri zai yi ko kuma kuɗina yake hari. Na ɗauka idan kai Alhaji ka ji yaronka yana kore ciniki za ka tsawata masa, sai na ga ka gyaɗa kai, ka ce gaskiya ya faɗa, a fara da shukar tukuna. Ranka ya daɗe, a nan hankalina ya kwanta.

Yanka gilashi da haɗa shi kun yi su a ranar da kuka ɗiba, a farashin da kuka faɗa, babu ƙari. Akwatin tsaye yake, faɗinsa santimita 45, tsayinsa 60, da ƙofa a gaba da ƴar siririyar raga a sama domin iska. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yaron nan ya zauna ya mayar da kayan da Turawa ke saye da tsada zuwa abin da ake samu a ƙauye. A maimakon ƙwallayen yumɓun da ake shimfiɗawa a ƙasan akwati domin ruwa ya taru ƙarƙashin saiwa, ya ce in tara tsingaro in farfasa shi ƙanana in wanke, in zuba kamar tsawon ɗan yatsa, in rufe da yankin gidan sauro wanda ba a taɓa sa masa magani ba, kuma ya maimaita wannan sharaɗin har ya ja layi a ƙarƙashinsa, domin fatar kwaɗo tana zuƙar duk abin da ta taɓa. A kan yankin gidan sauron sai cakuɗen zaren ɓawon kwakwa da dakakken gawayi da ɓawon itace, a sama kuma busassun ganyen mangwaro da aka tafasa aka shanya. Ya nuna mini robar gam ɗin da suka yi amfani da shi, silikon zalla irin na akwatin kifi, ya ajiye shi kusa da wani na banɗaki, ya sa yatsa a kan rubutun da ke cewa an haɗa na biyun da maganin fumfuna, ya ce wannan rubutun shi ne bambancin rai da mutuwa ga abin da zai zauna a ciki. Ruwan feshi kuwa ya ce na sama ya fi, idan na famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe.

Shuke-shuken ma bai ɗora mini masu tsada ba. Ya yanko mini reshen fulawar nan mai yaɗo da ake sawa cikin kwalba a ofisoshi, ya ba ni kyauta, ya haɗa mini da ƙananan tsire-tsire dangin abarba waɗanda ruwa ke taruwa a tsakiyar ganyensu, ya ce a kurmin da kwaɗin suke, iyaye kan goya 'ya'yansu masu wutsiya a baya su hau da su har irin wannan ɗan tafkin su ajiye. Batun sanyaya akwati kuwa, shi ya tuna mini da ɗan jiharmu, marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Dutse da ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ya ce in lulluɓe baya da gefunan akwatin da jiƙaƙƙen buhun algarara, in ajiye shi kusa da randa, in rataya ma'aunin zafi a ciki, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya nuna safe da la'asar har bazara ta wuce.

Akwai wata damuwa da shugaban makarantarmu da wasu iyaye suka taso da ita, ta cewa za a kawo wa yara guba cikin aji. Na kira yaron a waya, bai nuna gajiya ba, ya yi wa shugaban bayani da kansa cewa kwaɗin ba su ke ƙirƙirar dafin ba, daga tururuwa da sauran ƙananan ƙwarin da suke ci a daji suke tara shi, shi ya sa waɗanda aka haifa a hannun masu kiwo ba su da shi, tunda abincinsu ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace ne marasa tashi, waɗanda ake kiwatawa cikin kwalba. Ba kobo ya samu daga wannan kiran ba.

Bazara ta zo ta wuce, kuma littafin da yara suka cika ya gaskata shi. Buhun ya rage zafi sosai, amma a ranakun da rana ta fi ƙuna ma'aunin yakan haura 30 da la'asar. Shuke-shuken sun rayu, yaɗon ya kama bangon baya, kuma yanzu ƙananan kwaɗin nan namu da ke maƙalewa a ganyen kachalla ne a ciki, tare da gargaɗinsa cewa duk ranar da aka samu na waje ta halal, kada a haɗa su wuri ɗaya saboda cutar fumfunar fata da ta hallaka kwaɗi masu yawa a duniya. Da na bi ta mai lambar asusun nan, da yanzu kuɗin da malamai da iyaye suka tara sun tafi, ko kuma mun binne gawarwaki a gaban yara.

Abin takaici shi ne wannan hali ya zama abin rubuta wasiƙa. Mai sayar da irin shuka zai ba manomi wanda ya san ba na ƙasarsa ba ne, mai kajin gidan gona zai ɗora wa bazawara 'yan tsaki a tsakiyar zafi ba tare da ya gaya mata rabinsu ba za su kai mako ba, mai sola zai haɗa wa makaranta batir ɗin da ya san ya gaji. Idan mutum ya fito daga ƙauye, ana ganin ƙurar takalminsa sai farashi ya tashi, bayani ya ragu, idan kuma ya dawo da ƙorafi a ce shi ne bai iya ba. Har ofisoshin da aka kafa domin ba da shawara, sau da yawa sai ka tarar da kujera babu mai ita, ko mai ita yana nan amma yana ganin tambayarka ɓata masa lokaci ce. Ban ga dalilin da zai sa a ce sai mutum ya yi sa'a kafin ya haɗu da wanda zai gaya masa cewa abin da yake son saye bai dace da shi ba.

Alhaji, ina roƙonka ka riƙe yaron nan da kyau, ka kuma ba shi dama ya zo makarantarmu a zangon karatu mai zuwa ya ga aikinsa, domin ƙungiyar iyaye da malamai ta fara maganar sa fanka mai aiki da hasken rana a ɗakin gwaje-gwaje, kuma muna so ya duba wurin kafin a kashe ko sisi. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a.

Wassalam.

Naku,
Malamin ilimin halittu, daga ƙasar Haɗejiya, Jihar Jigawa.