Koken Tsofaffin Ɗalibai da Iyayen Yara Kan Malamin Lissafi na Unguwarmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
ta hannun Hakimi da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne na cikin birni. Mun zo da maganar wani dattijo da kowa ke kira Malamin Lissafi, wanda ya cika shekara 35 yana koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare kafin ya yi ritaya.

Ranka ya daɗe, rashin kayan gwaji bai taɓa hana shi aiki ba. Da ruwan zoɓo yake nuna wa yara bambancin sinadarai: a ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, a zuba ruwan kanwa ya koma kore-kore. Yakan fita da aji gindin rimi, a kafa sanda, a auna inuwarta da ta bishiyar, yaro ya fitar da tsawon rimin ba tare da ya hau ba. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya sake gudun lissafi. 'Yan mata kuwa, gida-gida ya bi yana lallashin iyaye a bar su su zauna jarrabawar WAEC da NECO. Yau cikinmu akwai likitoci, injiniyoyi da malamai, yawanci daga Jami'ar Ahmadu Bello.

Garin da ke da Kwalejin Barewa tun 1949 da jami'a tun 1962, wadda masanin lissafi Farfesa Iya Abubakar ya shugabanta daga 1975 zuwa 1978, bai kamata ya manta da masu kafa tubali ba.

Har yanzu Malam yana karantar da masu shirin JAMB kyauta a zaurensa bayan La'asar. Zauren ya yi kaɗan, yara har bakin titi, kuma da damina sai a tashi.

Muna roƙon Sarki ya sa baki a ba mu ɗaki ko ɗan fili a unguwa. Gini, benci da allo mun ɗauka a wuyanmu. Muna kuma roƙon fada ta karrama shi tun yana raye, domin shekaru sun ja, ganinsa ma ya fara rauni.

Sunansa da sa hannunmu suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
Tsofaffin ɗalibansa da iyayen yara, Birnin Zariya.