A kula da matokarin kantar dutse a kicin ɗin sababbin gidaje

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu gina gidaje da ma'aikatan da suke ɗauka a kan wani al'amari da ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali yana iya jawo karayar ƙafa ko abin da ya fi haka muni.

Duk wanda ke shiga sababbin gidajen da ake ginawa a Kano, daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki, zai lura cewa kicin ya canza kama. Yanzu ana shimfiɗa dutsen giranayit ko mabul a kan kanta, sannan a bar wani ɓangare nasa ya zarto waje, babu komai a ƙarƙashinsa, domin a jera kujeru masu dogayen ƙafafu yara su zauna su karya kumallo kafin su tafi makaranta. Wannan ɓangaren da ya zarto, wanda zan kira leɓen kanta, shi ne dalilin wannan wasiƙa.

A gidan ƙanwata na ga abin da idona. Ɗanta mai shekara shida ya kama bakin kantar da hannu biyu ya ɗaga ƙafafunsa yana lilo, kamar yadda kowane yaro zai yi, sai muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Dutsen ya tsage tun daga wannan gefe har wancan, daidai inda ya rabu da bangon da ke ɗauke da shi, ya faɗo ya farfasa tayil biyu, tazarar da ke tsakaninsa da yatsun yaron ba ta kai taƙi ɗaya ba. Allah ne ya kiyaye. Da na durƙusa na duba ƙarƙashin abin da ya rage, ban ga ƙarfe ko katako ba, sai ɗigon gam nan da can. Da aka kira wanda ya yi aikin, amsar da ya bayar ita ce: "Ai Alhaji, dutse ne, ba ya karyewa."

Wannan magana ita ce tushen matsalar. Dutse yana jure nauyin da ke danne shi idan yana zaune a kan abu, amma ba ya jure lanƙwasa, ba kuma ya yin gargaɗi irin na katako ko ƙarfe da za su fara lanƙwashewa mutum ya gani. Idan aka danna leɓen da ke rataye a iska, saman dutsen ne ke ɗamewa, kuma duk inda yake da jijiya ko ɗan tsagin da ido ba ya gani, daga nan zai buɗe lokaci guda. Mabul ya fi giranayit rauni a wannan fanni. Ga kuma nauyinsa na kansa: murabba'in mita ɗaya na giranayit mai kaurin santimita 2 yana kai wajen kilo 54, mai kaurin santimita 3 kuma wajen kilo 80. Ke nan leɓe mai faɗin santimita 30 da tsawon mita 2, idan daga dutse mai kaurin santimita 3 ne, nauyinsa ya kusa buhun siminti guda, kuma a daidai saman gwiwoyin yara yake.

Masu sana'ar dutse a Amurka suna da ƙa'idar da aka daɗe ana bi, wadda ba ta da wuyar riƙewa. Dutse mai kaurin santimita 2 kada ya zarta fiye da inci 6, wato santimita 15, ba tare da matokari ba. Mai kaurin santimita 3 kuma kada ya wuce inci 10, wato santimita 25. Bayan haka, abin da ya zarto kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na faɗin dutsen gaba ɗaya. To, mai zama a kan kujera mai dogayen ƙafafu yana buƙatar aƙalla inci 12 kafin gwiwarsa ta sami wurin shiga, wanda ke nufin kusan duk kantar da aka yi domin zama a ci abinci ta riga ta wuce iyakar da dutse zai tsaya da kansa.

A nan Kano abin ya fi tsanani saboda yadda muke gini. Sau da yawa a kan gajeren bango na bulo mai inci 9 ake ɗora dutsen, wani lokaci ma mai inci 6, sannan a bar inci 12 a waje. Idan haka ne, abin da ke iska ya fi abin da ke kan bango yawa, ko da dutsen bai tsage ba zai iya kifowa gaba ɗaya, domin gam da siminti ba su da aikin da ya wuce hana shi zamewa. Akwai kuma wani abu da ke ruɗar masu gida. Ana liƙa siririn yanki a bakin dutse mai santimita 2 domin ya yi kama da mai santimita 4. Ado ne mai kyau, ban ce a daina ba, amma bai ƙara wa dutsen ƙarfi ba, sai ma nauyi da ya ƙara masa a baki. Mai gida ya sa hannu ta ƙasa ya taɓa, zai ji ainihin kaurin abin da ya saya.

Gyaran ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin dutsen. Ana iya sayen falalen ƙarfe mai kaurin kusan rabin inci a Kasuwar Ƙofar Ruwa, mai walda ya yanka shi ya haɗa matokarai masu kusurwa, a jera su da tazarar da ba ta wuce santimita 60 ba, na farko da na ƙarshe su kasance kusa da gefe, kowanne kuma ya miƙa har ya rage kamar santimita 10 ya kai bakin dutsen. Wanda ba ya son ƙarfe ya bayyana ko ya riƙa bugun gwiwa, ana iya kwantar da shi a saman bango a binne gindinsa cikin kankare. A shafa masa jan fentin hana tsatsa, tunda kicin wurin ruwa ne da tururi. Idan leɓen ya yi faɗi sosai, kamar ƙafa biyu, to ginshiƙi ko ƙafa har ƙasa ita ce mafita. Wata hanyar da maginanmu suka fi sabawa da ita, kuma na fi amincewa da ita, ita ce a zuba kankare mai rodi ya zarto tare da kantar, rodin ya kasance kusa da saman kankaren kuma ya kama cikin bango sosai, a bar shi ya bushe yadda ya kamata, sannan dutsen ya zauna a kai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin ɗaure matokarin. Bulonmu mai rami ne, kuma noti da aka ɗaura a cikin ramin bulo zai fizge ranar da aka fi buƙatarsa. Dole a cika ramukan da kankare a inda ƙarfen zai kama. Shi ya sa maganar matokari ta zama ta tun ran gini tun ran zane: birkila da mai walda da mai shimfiɗa dutse su yi ta tare kafin bango ya tashi, ba sai an kawo dutse an jingine shi a tsakar gida ba.

Ina kira ga ƙungiyoyin magina da makarantun koyon sana'a na jihar nan da su sa waɗannan ma'aunai cikin abin da suke koya wa yaransu. Waɗanda kuma suka riga suka yi irin wannan kanta, ina roƙonsu su ɗauki tef su auna faɗin leɓen da kaurin dutsen, su leƙa ƙarƙashi da tocila. Idan ya wuce ƙa'ida kuma babu ƙarfe, a janye kujerun, a hana yara hawa ko rataya a wurin har sai an kira mai walda.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Mai karanta jaridarka,
Hotoro, Kano.